Tarin Barewa

Sauka Kahuta, Minna
Ranar Talata

Yaya Philip,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ba zan tambaye ka lafiya ba, don na ga abin da suka yi wa hannunka da idona. Mama Vivian ta zumuntar mata, wadda ke kai abinci gidan yari, ta yarda za ta riƙa kai maka takardata ta dawo mini da taka, tunda sun hana ni ganinka, wayarka kuma tana cikin toka.

I, toka na ce. Bayan yaran Alhaji Ndako sun gama da kai an jefa ka a motar 'yan sanda, sai suka dawo da galan biyu na fetur suka banka wa gareji wuta. Rumfar da Baba ya kafa da hannunsa, bencinsa, akwatin sifanoninsa, duk sun tafi. Gudumar Baba kaɗai ta tsira, ita ma don wannan mai tabon a leɓe, wanda suke kira Destiny, ya tafi da ita ne. Da ita ya farfasa maka yatsu a kan bonet, yanzu kuma yana yawo da ita a ƙugu kamar wanda ya ci gasar dambe. Maƙwabta suna tsaye sun harɗe hannu. Mutanen da ka gyara wa janareta kyauta, Yaya, ko mai tari ban ji ba.

Ga labarin da ke yawo. Sun ce jar motar nan ta Kolo, ɗan Alhaji, wadda ka yi wata da watanni kana fama da ita, ka kwashe mata kayanta na asali ka sayar, ka cusa mata na jabu. Shi ya sa, a cewarsu, ta mutu masa a tsakiyar titin Bida ranar rakiyar amaryar abokinsa, tifar yashi ta same shi a ƙofar direba. Kolo yana asibiti. Ƙafarsa ta hagu ta dagargaje, likitoci suna ƙoƙarin ceto ta, amma ba su ba da tabbaci ba.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne rantsuwar Alhaji. A ƙofar asibiti, gaban jama'a, ya ce ranar da aka yanke ƙafar ɗansa, ranar za a yanke taka. Ya ce ko a cikin kwalba aka ɓoye ka sai hannunsa ya kai. Ka san shi, dillalin zinare ne mai yara a kowace unguwa, kuma ba a taɓa jin ya faɗi irin wannan magana ta faɗi ƙasa banza ba.

Ni ma na yi tawa rantsuwar. 'Ya'yan Kawu sun kira ni daga gida, sun ce in ɗaga baki kawai su cika mota. Wallahi zuciyata tana ce mini in ɗaga. Ina so in ga gidan Alhajin nan na Bosso yana ci da wuta kamar yadda garejinmu ya ci, in tsaya ni ma in harɗe hannu.

Ka faɗa mini gaskiya, ni ƙanwarka ce, ba alƙali ba. Me ya sami motar nan?

Na sa maka man zafi da soyayyar doya a leda. Allah ya tsare.

Taka,
Hadassah


Gidan yari
Ranar Alhamis

Hadassah ƙanwata,

Na gaishe ki, na gode da doya. Ki yi haƙuri da rubutun nan, da hagu nake yi, shi ya sa ya yi kama da sawun kaza a tabo. Hannun dama an ɗaure shi da kara. Yatsu uku ba sa jin maganata.

Da farko, ki kira 'ya'yan Kawu ki ce su zauna inda suke. Ke tun muna yara in kika yi fushi sai tukunya ta fashe, kuma ni ake duka. Idan suka zo aka zubar da jini, ba ni da Alhaji kaɗai za a yi ba, Sauka Kahuta gaba ɗaya za ta kama. Na hana.

Kin tambayi mota. Kin san Barewa, kamar yadda muke kiranta, don kina miƙa wa Baba sifana a kanta tun kanki bai kai madubinta ba. Kakan Kolo ya saye ta hannun wani injiniyan jirgin ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin da ake naɗewa, kuma babu hannun da ya taɓa injinta sai na gidanmu. Ni zan saci kayanta? Da na saci idona.

Ga ciwonta. Da safe kina murza makulli ta tashi, muryarta ras. Ki hau titi, tana gudu kamar za ta bar ƙasa. Can sai ta fara tari. Ta fizga, ta saki, ta fizga, ki taka totur har ƙasa ta ƙi amsawa, salansa ta yi ta harbi, ƙarfi ya tsiyaye, sai ta mutu. Ki bar ta ta huta kamar tsawon shan shayi, ki murza, ta tashi tana dariya kamar ba ita ba.

Na ce fulogi ne, na canza. Na ce wayoyin wuta ne, na canza. Na ce kwayil ne ke ɗaukar zafi yana yanke wuta, don haka yake yi idan ya tsufa, na sa sabo. Na kwance kafireta biyun na wanke su ƙwaya-ƙwaya. Na canza famfon mai da matacinsa. Na cire tiyon da ke kawo mai daga tanki na busa da bakina, iska ta wuce sumul har na ji tana ɓulɓul a baya. Tsofaffin kayan da na cire kuwa suna cikin kwali a gareji da sunan Kolo a jiki, amma kin ce wuta ta cinye shaidata.

Ranar bikin ya zo da farar shadda yana ƙamshi ya ce in ba shi makulli. Na ce, "Kolo, motar nan ba ta warke ba." Ya ce, "Oga Philip, yau kaɗai. Amarya ta ce ita sai Barewa a gaba." Na ce kada ya tsallaka babban titi da ita. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Yaron nan ba mugu ba ne, Hadassah. Yana zama a bencin Baba yana cin gyaɗa yana tsokanar ubansa, wai Alhaji ya rataya masa laya a madubi ya cire, ya sa masa wata ƙarƙashin kujera ya jefar. Ina jin ciwon ƙafarsa kamar yadda nake jin na hannuna.

Za ki ce na haukace, amma abin da ya fi yatsun nan ci mini rai shi ne har yau ban san me ke damun motar nan ba. Ina kwance ina jin tarinta a kunnena.

Ki bincika mini inda suka kai ta. Ki gai da Mama Vivian. Ki ci abinci.

Yayanki,
Philip


Kasuwar Kure
Ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa. Ka ce in zauna lafiya, to na zauna, ga abin da zaman ya haifa.

Ranar Asabar da tsakar rana Destiny ya zo rumfata shi da wasu uku. Ya zaro gudumar Baba ya fasa jarkokin manjana ɗaya bayan ɗaya. Manja ya malala har layin masu barkono, ja wur, mata suna ihu sun zata jini ne. Ya tsoma yatsa a ciki ya shafa mini a goshi ya ce, "Ki gaya wa yayanki haka nasa zai zuba." Na ɗauki mudun ƙarfe na sauke masa a hanci. Na ji ƙarar ƙashi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi. Sun kayar da ni sun yi ta shuri har masu nama suka taso da wuƙaƙe, sannan suka gudu. Haƙarƙarina na hagu yana amsawa idan na yi numfashi, amma da ƙafata na koma gida.

Ina zaune ina gasa jikina sai ga sallama. Rukayat ce, ƙanwar Kolo, wadda muka yi sakandare tare, cikin dogon hijabi har ƙasa don kada a gane ta. Na tashi zan kore ta, sai ta durƙusa a ƙofa tana kuka. Ta ce, "Ƙawata, ni ban zo kare kowa ba. Baba ba ya ji ba ya gani. Ko Mama ba ta iya tunkararsa." Ta ce ƙafar ta fara baƙi daga yatsu, tana wari, likitoci sun ce idan ba ta juyo ba zuwa ƙarshen mako za su yanke daga gwiwa.

Ƙarshen mako, Yaya. Ka ji.

Mota tana gidansu a Bosso, a bayan gida kusa da rijiya, an lulluɓe ta da tamfol. Rukayat ta ce gefen direba ya lotse kamar gwangwanin madara, amma gaba da baya ba abin da ya same su. Makullin yana hannunta, waɗanda suka ciro Kolo daga motar sun sa masa shi a aljihun shadda, nan ta same shi da aka ba ta ta wanke jini. Ta ce ranar Juma'a duk mazan gidan suna tafiya masallaci, har masu gadi. Destiny ba ya salla, amma shi ke tuƙa Alhaji.

Ban san me zan duba ba. Kai da ka yi wata da watanni a kanta ba ka gani ba, ni mai sayar da manja me zan gani? Amma idan ka ce in shiga, zan shiga. Idan ba ka da abin faɗa kuma, ka sake ni in kira gida, don ba zan zauna ina waƙar yabo a sare maka ƙafa ba.

Taka mai fushi,
Hadassah


Gidan yari
Ranar Laraba

Hadassah,

Na gaishe ki. Hancin mutum kika fasa, kina kuma ba ni labari kamar kin ci jarrabawa. Allah ya shirye ki. Ki ɗaure haƙarƙarin da zane.

Saƙon Alhaji ya iso nan ma. Jiya wajen wanka mutum biyu suka danne ni, na uku ya zaro cokalin da aka wasa bakinsa, ya zagaye mini cinyar hagu da shi sama da gwiwa. Bai zurfafa ba. Ya ce shata ce kawai, don ranar aikin kada su ɓata lokacin awo. Jini ya cika mini takalmi. Ina faɗa miki ne don ki san ba wasa, ba don ki kira gida ba. Har yanzu na hana.

Amma saurara, don a wurin nan na samu abin da na rasa. Da suka sake ni na ja jiki zuwa duron ruwa in wanke ciwon. Duro ne mai famfo a ƙasa. Na buɗe, ruwa ya zo da ƙarfi, can ya fara tsartuwa, ya rage, ya tsaya cak, alhali duro da ruwa. Na rufe ina zagi. Na sake buɗewa, ya zo da ƙarfi. Wani tsoho da ya daɗe a nan ya ce, "Leda ce a ciki, ɗana. In ka buɗe ruwa ya ja ta ta toshe bakin, in ka rufe ta saki." Hadassah, na manta da jinin da ke zuba. Na zauna a tabo ina dariya har suka zata sun taɓa mini ƙwaƙwalwa.

Ba wuta ba ce, yunwa ce ke kashe Barewa. Akwai abin da ke yawo a cikin tankinta. Idan famfo ya ja mai da ƙarfi sai ya zuƙo abin ya manne a bakin bututu, inji ya shaƙe. Idan ta mutu, jan ya tsaya, abin ya saki. Ni kuma da na busa tiyo, tura shi na yi gefe da bakina, na ce hanya a buɗe take. Na ma tuna Kolo ya taɓa cewa in ya cika tanki takan yi masa kirki, in mai ya yi ƙasa sai ta fara halinta. Na ji da kunne ban ji da kai ba.

Ga abin da za ki yi ranar Juma'a. Ki tafi da galan na fetur mai kyau, da guntun tiyo, da sifana goma da sha biyu, da filaya. Ki tayar da ita da man tankinta, ki danne totur, Rukayat ta riƙa girgiza bayan motar don abin ya motsa. Ki jira ta yi tari ta mutu. Sannan ki cire tiyon da ke shiga famfon mai, ki sa naki, ɗaya bakin a cikin galan, yadda Baba yake yi wa motar da ta daɗe a ajiye. Ki sake tayarwa ki danne. Idan ta sha daga galan ba ta yi tari ba, to kayan da na sa mata lafiyarsu ƙalau, ɓarawon yana cikin tanki. Ki sa Rukayat ta ɗauka a wayarta, ku fita kafin a sauko daga masallaci. Kada ki tsaya sauke tanki, ba za ki samu lokaci ba. Kada ki yi jarumta. Na san da bango nake magana, amma na faɗa.

Idan kuma ta yi tari a galan ma, to na yi kuskure, ki tattara kayanki ki tafi gida wurin Kawu a ranar, kada ki waiwayo.

Allah ya shige miki gaba.

Yayanki,
Philip


Sauka Kahuta
Ranar Asabar

Yaya Philip,

Gaisuwa. Ina raye. Idona ɗaya a kumbure yake, an yi mini ɗinki a damtse, amma ka zauna ka karanta a hankali.

Rukayat ta shigar da ni ta ƙofar baya ana kiran salla. Da muka yaye tamfol sai da na kau da kai, don jinin Kolo ya bushe a kujera, takalminsa ɗaya yana maƙale ƙarƙashin birki. Ƙofar direba ba ta buɗuwa, ta ɗayan gefen na shiga na miƙa ƙafa. Murzawa ɗaya ta tashi. Na danne, Rukayat tana girgiza baya da dukan ƙarfinta. Ta daɗe tana ruri har na fara cewa yayana ya zauce. Sai ta yi tari. Ta fizga, ta harba, ta mutu, daidai yadda ka faɗa.

Na sa galan. Fetur ya shiga bakina, na tofar na murza. Yaya, ta yi kuka! Na danne har ƙasa, kaji suka watse, tagogin gidan suna karkarwa, ko tari ɗaya babu. Na ƙi ɗaga ƙafa. Rukayat tana jan rigata tana cewa mu tafi, ni kuwa ina kuka ina dannewa, don ji nake kamar kai ne kake magana bayan an toshe maka baki.

Wannan ƙarar ce ta hana mu jin buɗe ƙofar gida.

Destiny ne ya fara isowa, hancinsa a naɗe da filasta. Ya kama gashina ya jawo ni waje ta kan kujera, ya buga kaina da jikin mota. Na soka masa filaya a cinya. Wani ya kawo mini sara da adda, na tare da hannu, nan ne ɗinkin. Suka danne ni a bakin rijiya, gwiwar mutum a wuyana, Destiny ya shimfiɗa hannuna na dama a kan siminti ya ɗaga gudumar Baba. Rukayat ta faɗa kaina tana ihu, "Baba! Baba, ka ji ta tukuna!"

Alhaji yana tsaye da darduma a kafaɗa. Ya rame, Yaya, idanunsa kamar garwashi. Ya ce, "Me ya kawo 'yar gidan ɓarayi gidana?"

Na ce, bakina cike da ƙasa, "Ranka ya daɗe, ka ji motar ɗanka da kunnenka. Da kayan da yayana ya sa mata take wannan kukan. Ciwon yana cikin tanki. A sauke shi a gabanka. In ba a ga komai ba, ga hannuna, ga ƙafata, ka haɗa da na Philip."

Da na ce tanki na ga wani abu ya gifta a fuskarsa, amma ban gane ba a lokacin. Ya ce a sake ni.

Ni na shiga ƙarƙashi da hannu ɗaya, jini yana ɗiga mini a ido, na kwance ƙusoshin. Yaransa biyu suka jawo tankin muka juye man a baho. Na girgiza shi. Wani abu ya ce ƙwal a ciki. Kowa ya matso. Na buɗe marfin sama na zura waya na yi ta lalube, har na maƙalo shi na jawo.

Laya ce. 'Yar ƙarama, ba ta kai akwatin ashana ba, jar fata ɗinke da koren zare. Fetur ya jiƙa ta ta kumbura ta yi laushi kamar ganda, a gefe ɗaya kuma ga zagayen bakin bututu ya fito raɗau inda take mannewa.

Sai Destiny ya daka tsalle ya ce, "Kun gani! Asiri ya yi masa! Makanikin ne ya jefa!" Sauran suka ɗauka, aka yo kaina da adduna. Na rufe ido na ce shi ke nan, na tono wa kaina kabari da sifana.

Muryar Alhaji ce ta tsayar da su. Ba tsawa ya yi ba, a hankali ya ce, "Duk wanda ya taɓa ta sai na kashe shi." Ya miƙo hannu na sa masa layar. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sai ya naɗe hannun rigarsa. A damtsensa akwai wata ɗaure, jar fata, koren zare, ɗinki iri ɗaya, kamar tagwaye.

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin fetur da jinina, da farar babbar rigarsa, yana riƙe da abin nan a tafin hannu yana cewa, "Innalillahi, innalillahi." Ana cikin haka wayar Rukayat ta yi ƙara daga asibiti. Sun shiga da Kolo ɗakin tiyata.

Na ɗauki sifanonina na fita ta babbar ƙofa, ba wanda ya tare ni. Na zata zan ji daɗi, Yaya. Na yi mako ina mafarkin ganin mutumin nan a ƙasa. Na gan shi, kuma amai kawai na yi a bakin kwata.

An yanke ƙafar jiya da yamma. Ban san ko saƙo ya kai wa masu cokalin cewa su dakata ba, kuma wannan ne ya hana ni zama. Ka kwana da bayanka a bango. Ka aiko mini ko da kalma ɗaya ce.

Taka,
Hadassah


Bosso, Minna
Ranar Litinin

Zuwa ga Malam Philip,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ba ka lafiya, ni ce Rukayat, ƙanwar Kolo. Baba ne ya sa in rubuto, don ya ce ba shi da fuskar da zai zo da ita.

Tun ranar Juma'a ya aika a janye mutanen da aka sa maka. Yau da safe ya je da kansa ya janye ƙara, ya faɗi gaskiya a gaban hukuma, an ce za a sake ka cikin makon nan. Ya kori Destiny da sauran.

Layar tasa ce. Ya karɓo wa Yaya Kolo ne don tsari daga haɗarin hanya. Ta madubi Yaya ya cire, ta ƙarƙashin kujera ya jefar, shi ne Baba ya ce zai sa ta inda hannun yaro ba zai kai ba. Ya buɗe marfin mai ya jefa ta da bismilla. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ita ce ba. Yaya ya farfaɗo, ya tambayi ƙafarsa, ya tambayi motarsa, sannan ya tambaye ka. Ba wanda ya iya gaya masa komai tukuna.

Tare da wannan takarda Mama Vivian za ta kai wa Hadassah gudumar mahaifinku. Baba ya ce in faɗa maka kamar yadda ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Ranar da ka fito ka zo Bosso da ita. Zai shimfiɗa hannunsa na dama a kan bonet ɗin Barewa, ka yi masa abin da aka yi maka, yatsa da yatsa, ba wanda zai hana ka, ba wanda zai bi ka. Ya rantse, kuma ka san ba ya janye rantsuwa. Ba ya ci, ba ya barci, wannan kaɗai yake jira.

Ni ba ni da bakin roƙo. Allah ya huci zuciyarka.

Wassalam,
Rukayat Ndako


Gidan yari
Ranar Laraba

Rukayat,

Na amsa sallamarki. Ƙafata tana nan. Ki gai da Kolo, ki ce masa Barewa ta warke.

Guduma ta Babana ce, na karɓa, na gode. Ko na so, ba ni da yatsun ɗaga ta.

Ki ce wa Alhaji ya riƙe hannunsa. Da shi zai riƙa tura keken ɗansa.

Philip